Sukar alƙalai: abin da aka tsayar a zaman

A wani zaman hira kan sukar alƙalai, shari'ar zaɓen gwamnan Kano ce ta cinye rabin hirar: kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da soke nasarar Abba Kabir Yusuf a Nuwamban 2023, Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujerarsa a Janairun 2024. Lauyoyin da ke wurin suka ce a soki hukunci, kada a ci mutuncin alƙali, kuma a fara karanta takardar hukuncin kafin a hau Facebook. Suka ce wanda bai gamsu da hukunci ba, sai ya ɗaukaka ƙara. Mai hujjar cin hanci ya kai wa NJC, majalisar da ke ladabtar da alƙalai. Wani dattijo ya tunatar da alƙalai cewa umarni masu karo da juna, kamar na rikicin masarautar Kano a 2024, su ke zubar da yardar jama'a da kotuna. Ina ganin ya fi kowa gaskiya.