Ina tunanin sayen ƙaramin babur saboda tsadar fetur, mece ce shawararku?

Abu Hafsat, Kano

Assalamu alaikum. Jama'a, shawara nake nema a wurin waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Ni ma'aikaci ne, ina zaune a Rijiyar Zaki, wurin aikina kuma yana wajen Bompai, wato zuwa da dawowa kusan kilomita 30 ke nan a kowace ranar aiki. Ina da tsohuwar Golf wadda ta daɗe tana yi mini hidima, amma tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Farashin yakan ɗan sauka ya sake tashi, albashi kuwa yana nan inda yake. Na gwada komawa Adaidaita Sahu, sai na tarar babu wanda zai kai ni kai tsaye sai na sauka na sake hawa, ga kuɗin ya ƙaru, ga makara.

Shi ya sa nake tunanin sayen ƙaramin babur, in ajiye motar sai ranar da zan fita da iyali. Abin da nake so in sani shi ne, shin da gaske ana samun rarar da ake faɗa, ko kuwa gyara da sauran ɗawainiya ne suke cinye ta? Wane iri ya dace da wanda bai taɓa tuƙa babur ba, ga shi kuma ya haura shekara 40? Sannan sabo ya fi, ko in lallaɓa in sayi na hannu tunda kuɗin hannuna ba su taka kara sun karya ba? Allah ya saka da alheri.

Malamin Lissafi

Wa alaikumus salam. Malam Abu Hafsat, rarar gaskiya ce, amma gara ka zauna ka yi lissafinta da kanka kafin ka je wurin dillali, domin mutane da yawa suna ganin an sa musu man naira dubu biyu ya kai su kwanaki, sai su manta da maƙudan kuɗin da suka zuba wajen sayen babur ɗin.

Bari mu yi da alƙalumanka. Kilomita 30 a rana, sau ranakun aiki 22, ya ba da kilomita 660 a wata. Tsohuwar mota irin taka a cikin cunkoson gari, da tsayuwa a danja da jan jiki a Kabuga, da wuya ta yi maka fiye da kilomita 8 ko 9 a lita ɗaya, saboda haka kana ƙona lita 75 zuwa 80 a wata a kan zuwa aiki kawai. Ƙaramin babur mai girman inji 100cc ko 110cc yana iya yin kilomita 45 zuwa 50 a lita cikin gari idan lafiyarsa ƙalau, wato kimanin lita 15 a wata. Bambancin ya kai lita 60 ko fiye. Idan muka ɗauki lita a naira 1,000 don sauƙin lissafi, kana da rarar naira 60,000 zuwa 65,000. Cire kuɗin juyen baƙin mai da faci da ɗan gyaran yau da kullum, ka bar shi a 50,000.

To ga inda zancen yake: sabon babur na kirki a yanzu ya haura naira miliyan ɗaya. Idan ka raba miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, a matsayin misali, da 50,000, za ka ga sai ka yi shekara biyu kana hawa kafin babur ɗin ya biya kansa. Wannan ba asara ba ce, tunda bayan shekara biyun babur yana nan kuma yana da daraja a kasuwa, sai dai yana nufin ba a wata na farko za ka ji sauƙi ba. Idan da bashi mai ruwa za ka saya, ko biyan kaɗan-kaɗan da ake ɗora riba mai nauyi a kai, ƙarin da za ka biya zai iya lashe rarar shekara guda. Adashi ko rancen ƙungiyar ma'aikata marar ruwa ya fi maka. Kuma duk wannan lissafi ya dogara ne a kan cewa motar za ta zauna a gida da gaske. Na ga waɗanda suka sayi babur, da damina ta faɗi suka koma mota, da hunturu ya shigo suka sake komawa, ƙarshe suna ciyar da abin hawa biyu.

Usman Bakanike

Yallaɓai, ni sana'ata ke nan, don haka zan yi magana a kan ƙarfen kansa. Babura ƙanana da suka cika titunanmu kashi biyu ne. Akwai masu kuloci irin su Bajaj Boxer da TVS da Honda, akwai kuma wanda muke kira roba-roba, irin su Jincheng da Lifan da Haojue, wanda ba shi da kuloci a hannu, ƙafa kawai za ka sa ka taka giya. Ga mutumin da bai taɓa hawa ba, kuma hanyarsa kwalta ce daga gida har ofis, roba-roba ya fi sauƙin koyo nesa ba kusa ba. Ba shi da nauyi, ba ya mutuwa a hannunka a tsakiyar shataletale don ka saki kuloci da gaggawa, robar gabansa tana kare ƙafa daga ruwa da taɓo, kuma mai doguwar riga yana hawansa ba tare da ya naɗe ta har cinya ba. Boxer ya fi shi juriya a hanya marar kyau da ɗaukar kaya, shi ya sa 'yan acaɓa da mutanen karkara suka fi son sa, amma wannan farin jinin ne kuma ya sa ɓarayi suka fi bin sa.

Kowanne za ka saya, ka sayi wanda kayan gyaransa suke a kowace unguwa. Kada kyan fenti ya ja ka zuwa wani baƙon samfuri da in fitilarsa ta fashe sai an yi mako ana nema.

Game da na hannu, ba na hana ka, amma kada ka je kai kaɗai. Abin da nake dubawa idan aka kira ni shi ne, da farko in taɓa injin in ji ko da sanyinsa, domin mai sayarwa mai wayo yakan ɗumama shi kafin ka iso don ya tashi da bugu ɗaya. Sai in tayar da shi in tsaya a bayan salansa. Idan hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana fita, injin yana shan baƙin mai, aikin fistin da zobe yana jiran ka. Sai in kwance fulogi in ga kansa: idan ya yi baƙi ƙirin da jiƙe-jiƙen mai, labarin ɗaya ne. Ina duba kusoshin inji ko sun sha sifana, alamar an taɓa buɗe shi, in ɗaga ƙafar baya in girgiza in ji ko tana wasa, in kuma saki hannu kaɗan a kan tafiya in ga ko kan yana ja gefe ɗaya, wanda yake nuna ya taɓa faɗuwa mai tsanani. Babur ɗin da ya yi haya, ko an wanke shi ya yi ƙyalli, ya riga ya ba da ƙuruciyarsa. Wanda ya fi dacewa shi ne na ma'aikaci irinka da ka san shi ka san gidansa. In ba ka sami irin wannan ba, ka ƙara haƙuri ka tara ka sayi sabo a kwali, a haɗa shi a gabanka.

Idan sabo ne, watan farko shi ne komai. Kada ka murɗe shi har ƙarshe, kada ka ɗora masa nauyi, kuma ka juye baƙin man farko da wuri, kafin ya wuce kilomita 500, domin akwai ɗan garin ƙarfe da sabon inji yake zubarwa. Bayan haka, da irin tafiyarka da ƙurar garin nan, juye sau ɗaya a wata ko wata ɗaya da rabi ya isa, kuma kimanin lita ɗaya yake sha. Ka sayi mai a rufe cikin gorarsa, ka guji na awo a bakin titi. Abubuwa uku ne suke sa ƙaramin babur ya fara shan fetur kamar babba: taya marar isasshiyar iska, matatar iska da ƙura ta toshe, musamman lokacin hunturu, da sarƙa da ta saki ko ta bushe. Gyaran dukkansu ba ya cin kuɗi. Fetur ɗin 'yan bumburutu kuwa, in ba dole ba ka bar shi, domin dattin da yake tarawa a kafireta ni ne zan ci kuɗinsa.

Ummu Khalil

Malam, ka yi haƙuri in kawo abin da maza ba su cika son ji ba. Ina aikin jinya, kuma na yi zama a sashen da ake kawo waɗanda suka yi haɗari. Masu lissafin lita sun yi daidai, amma akwai kuɗin da ba su sa a ciki ba. Karayar ƙafa ɗaya da za a sa wa ƙarfe tana iya cinye rarar da aka ce za ka tara a shekara, ban da watannin da magidanci zai yi a kwance, iyali suna zuba ido. Yawancin waɗanda nake gani kuma ba masu ganganci ba ne. Wani mai Adaidaita ne ya tsaya kwatsam a gabansa don ya hango fasinja, wani ƙofar mota aka buɗe masa, wani kuma yashi ne ya kwashe shi a kwana.

Ba cewa nake kada ka saya ba, domin maigidana ma da babur yake zuwa aiki, kuma shi ne ya rufa mana asiri a wannan tsadar. Abin da nake roƙo shi ne ka sa kuɗin hular kwano a cikin kuɗin babur tun farko, mai kauri wadda take rufe haɓa kuma ake ɗaure ta, ba irin ta masu aikin gini ba. Tun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa ta, mutanenmu suka mai da abin wasa saboda zafi da kuma hular zanna, alhali raunin kai shi ne wanda ba a cika dawowa daga gare shi yadda ake ba. Ka sa hularka a jaka, in ka isa ofis ka ɗora. Takalmi ma ya zama mai rufe ƙafa, kuma ka kula da bakin riga kada ya shiga waya. Sannan kada ka koyi tuƙi a kan titin zuwa aiki. Ka sami fili da wanda ya iya, ka yi makonni kana koyon birki, musamman haɗa na gaba da na baya, kafin ka tunkari Titin Murtala Muhammad da safe.

Ɗan Fagge

Abin da zan ƙara shi ne takardu. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar inji da lambar jikin babur, ka duƙa da kanka ka gwada su da abin da aka buga a ƙarfen. Idan na hannu ne, a rubuta yarjejeniya da shaidu, a haɗa maka da rasit na asali, domin wanda aka kama da babur ɗin sata yana iya shiga matsala ko da bai sani ba. Ka yi rajista ka ɗaura lamba, ka yi inshora, wadda tun Janairun 2023 aka ƙayyade ta babur a naira 3,000 a shekara, kuma ka sani lasin motarka bai wadatar ba, babur yana da ajinsa daban, wato ajin A.

Ka kuma tuna cewa a Janairun 2013 gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa da goyo a babur a cikin Kano, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Ana sassautawa ana tsanantawa gwargwadon yanayin tsaro, don haka kada ka gina shirinka a kan cewa kullum za ka riƙa goya wani. Batun sata kuwa, makullin kai kaɗai ba ya tsare komai. Ka sayi sarƙa da kwaɗo mai ƙarfi, ka sa bakanike ya yi maka ɓoyayyen makunni, kuma a masallacin Juma'a ko kasuwa ka biya masu gadi ka karɓi kati.

Abu Hafsat, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya Ummu Khalil, maganarki ta shige ni, kuma hular za ta riga babur ɗin shigowa gida. Zuciyata ta karkata ga sabon roba-roba. Saura tambaya ɗaya: tunda kuɗina ba su cika ba, ko in sayar da motar ne in cike, abin da ya yi saura in sa a wani abin?

Malamin Lissafi

A'a Malam, ban ba ka wannan shawarar ba, sai fa in motar ta fara cin ka da gyara. Mai iyali yana buƙatar mota ranar da yaro ya tashi da zazzaɓi cikin dare ko matar gida take naƙuda, kuma yadda farashin motoci ya tashi tun faɗuwar darajar naira, abin da za a ba ka a kan Golf ɗin yau ba zai sayo maka irinta ba in ka nema daga baya. Ka ci gaba da lallaɓawa da Adaidaita na wasu watanni, kana ware kuɗin man da ka saba zubawa, ka haɗa da kwasar adashi. Idan ka ajiye motar kuma, ka riƙa tayar da ita kana ɗan zagayawa da ita sau ɗaya a mako, don kada batir ya mutu, tayoyi su kwanta, ɓeraye kuma su samu gida a cikin wayoyinta.