Ku duba mana shafin nan na bin diddigin majalisa

Abba Injiniya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shafin da na yi maku maganarsa ran Juma'a mun buɗe shi na gwaji, adireshin na nan sama. Mutum zai zaɓi ƙaramar hukumarsa cikin 34 ɗinmu na jihar Katsina, ya ga ɗan majalisarsa na jiha da na tarayya da sanatansa, ya ga inda kowane ƙudurin doka ya kwana, in yana so ya aika masu saƙo. Don Allah a faɗa mani gaskiya, kada a ji nauyina.

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka. Amma Abba hotunan nan sun cinye mani data kafin su gama buɗewa. Mun san fuskokinsu, ga su nan manne a bangon gidanmu tun zaɓen 2023.

Baban Sadiƙ: Har ruwan sama ya kasa ɓamɓare su.

Tsohon Hedimasta: Ɗana, na zauna na duba shi tsaf bayan Isha'i, jikana ne ya riƙa danna mani. Wurin aika saƙon nan da ka fi ba muhimmanci, ni shi ne ban damu da shi ba. Wanda ba ya ɗaukar wayar mutanen mazaɓarsa, saƙon intanet zai karanta? Bari ka ji abin da ya same ni. Shekarun baya aka kawo wani ƙuduri da ya shafi 'yan fansho. Da daddare na ji sanarwar zaman jin ra'ayin jama'a a rediyo, wai gobe da ƙarfe goma. Na yi sammako na hau mota, na isa da takarduna cikin leda. Wani yaro a bakin ƙofa ya ce sai wanda ya kawo ra'ayinsa a rubuce, an buga, da kwafi-kwafi, kuma tun makon jiya aka rufe karɓa. Na zauna a baya kamar ɗan rakiya, aka ba mu ruwan leda, masu manyan riguna suka yi ta Turanci har Azahar. Kuɗin motar nan har yau ina jin zafinsu.
To abin da nake so a wurinka ke nan. Karatu na farko suna kawai ake ambata. Na biyu muhawara ce tsakaninsu. Daga nan a miƙa wa kwamiti, nan ne kaɗai talaka yake da ƙofar shiga. In an yi karatu na uku an kai wa gwamna, kwana 30 gare shi ya sa hannu ko ya ƙi, duk abin da za ka ce a lokacin ihu ne bayan hari. Ka sanar da ni ranar zaman kwamiti tun da sauran mako biyu, da Hausa, ka nuna mani yadda ake rubuta takardar. In ka yi wannan ka gama mani komai.

Abba Injiniya: Na gode Baba, na rubuta. Matsalar ita ce mu ma sai mun bi ƙafa muke samun ranakun.

Tsohon Hedimasta: To ai aikin ke nan. Sauran duk ado ne.

Lauya: Ƙarin gyara biyu. Kun haɗa ƙudurin doka da abin da suke kira moshan a shafi ɗaya, ku raba su. Mutum zai ji "majalisa ta amince a gyara hanya kaza" ya hau murna, alhali kira kawai aka yi wa ɓangaren zartarwa, ba dole a ciki. Na biyu, sashe na 97 na tsarin mulkin 1999 ya ce majalisar jiha da Turanci take aiki, amma tana iya ƙarawa da harshen jihar in ta amince. Don haka neman bayani da Hausa ba alfarma ba ce.

Maman Ummi: Lokacin dokokin harajin nan da Tinubu ya aika majalisa a 2024 kowa ya zama malami, amma ko mutum ɗaya ban gani ba da ya karanta su. Da akwai taƙaitawa da Hausa da an rage ƙarya.

Baban Sadiƙ: Ni dai a sa mana maɓallin kiranye babba, ja.

Lauya: Kiranye ba a danne yake ba, Baban Sadiƙ. Sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama.

Baban Sadiƙ: A sa dai, ko don mu huce.

Ɗan Daura: Mi ya sa sanatan Katsina ta Tsakiya ya zo farko, shiyyar Daura ta zo ta biyu? Ko a intanet ma sai an danne tushen Hausa?

Hajiya Mai Atamfa: Kun yi shekara takwas da shugaban ƙasa, ku bar mana layin farko mana.

Ɗan Daura: Hajiya ke ma fa dangin mijinki 'yan Mai'aduwa ne, kada in tona.

Nas: Ku bar wasa tukuna. Abba, mutanen Batsari da Jibiya da Safana ka tuna da su? A 2021 ƙananan hukumomi 13 aka yanke wa layin waya saboda 'yan bindiga, kuma su ne suka fi kowa buƙatar a ji kukansu. Da yawansu ƙaramar waya gare su mai tocila. Ku yi lambar da za a danna kamar ta duba kati, ko saƙon murya da za a riƙa turawa ta WhatsApp. Tsohuwata ba ta karatun boko amma labaran rediyo ba sa wuce ta.

Abba Injiniya: Anti, wannan yana buƙatar kuɗi, har yanzu daga aljihunmu muke yi mu uku.

Tsohon Hedimasta: Kada dai ku karɓi na ɗan siyasa. Ranar da kuka karɓa ku cire sunana.

Hajiya Mai Atamfa: Af, tunda an zo maganar kuɗi, waɗanda ba su biya na gudummawar bikin Asabar ba mutum shida ne. Ba zan kira suna ba sai gobe.

Baban Sadiƙ: Nawa na hanya Hajiya, banki ne ya riƙe.

Abba Injiniya: To a cire wurin aika saƙon ko a bar shi?

Ɗan Daura: Hajiya ankon nan shuɗi ne ko kore? A wayata daban yake fitowa.