Neman kalma: aikin da ake wa injin ruwan motar tafi-da-gidanka kafin sanyi

Jama'ar Katsina da Daura ku zo ku taya ni. Motocin nan na Amurka da Kanada masu gado da kicin da bayi a ciki, sunansu bai ba ni wahala ba, tafi-da-gidanka ne tun kafin wayar hannu ta zo ta ƙwace sunan. Abin da ya tsaya mani shi ne aikin da suke yi wa injin ruwan motar kafin sanyi ya shigo, wanda suke ce ma wintarayizin. Mi za mu ce mashi?

Bari in faɗi aikin tukun kar mu yi suna a duhu. Injin ɗan ƙarami ne, batirin mota mai bolt 12 ke ba shi wuta, ka buɗe famfo ya tashi ka rufe ya mutu da kanshi, don akwai suwic mai jin matsin ruwa a kanshi. To ruwa in sanyi ya kai digiri 0 sai ya daskare ya kumbura da wajen kashi 9 cikin 100, kamar dai kwalbar da aka cika taf aka manta a firiza, nan ne kan injin ko kofin matata ko bututu ke tsagewa. Shi ya sa ake tsiyaye tankin kaf, a juye hitar ruwan zafi a kewaye mata hanya, wasu su hura iska cikin bututun da kwamfiresa, sannan a sa injin ya zuƙi wani ruwa mai kalar hoda mai hana daskarewa har sai ya fito ta kowane famfo, na zafi da na sanyi, har shawa da bayi.

Amsa: Yaya ai shirin hunturu ne kawai, mi ye na wahalar da kai.

Ƙanena na so in yarda amma hunturunmu hazo ne da ƙura da fasau, ko ranar da jaura ta fi tsanani a Daura ruwan randa sanyi kawai yake, bai zama ƙanƙara. Ka ce ma bakanike ya yi ma mota shirin hunturu zai kakkaɓe maka matatar iska ya share gilashi ya ce an gama, kuma bai yi laifi ba.

Amsa: Malam ni aikin famfo nike a Ƙofar Marusa, mu tsiyayewa muke cewa in za a bar tanki ba ruwa. Kuma don Allah ku bar ce ma injin famfo, famfo wurinmu inda ruwa ke fitowa ne, sumo kuma na cikin bohol ne, wannan injin ruwa ne sak.

Baba na gode, injin ruwa ya zauna. Tsiyayewa dai rabin aikin ce, don ko an buɗe duk mazurarai akan samu ɗan ruwa ya maƙale cikin bawul da robar injin, kuma shi ne mai ɓarnar. Ruwan hodar nan shi ke tura shi waje ya zauna wurinshi. A kula fa, ba irin wanda ake zubawa a lagireto ba ne, na lagireto guba ne, wannan an yi shi ne don bututun ruwan sha, duk da haka sai an ɗauraye sosai kafin a sha.

Amsa: To ku ce rigakafin ƙanƙara mana, tunda kafin ta zo ake yi.

Hajiya kin gama magana! Ya faɗi abin da ake gudu, bai ɗaure mu da wani lokaci na shekara da ba irin namu ba, kuma yana shiga baki, an yi ma motar rigakafin ƙanƙara, ba a yi mata ba injin ya fashe. Ruwan hodar ma sai ya zama ruwan rigakafi. Wani ya turo kariyar daskarewa, ma'anar daidai ce amma ta yi kama da rubutun jarida, ban ga mai gareji yana faɗinta ba.

Neman matsalar injin kuwa bai buƙatar sabuwar kalma, bin sawu ne. In ya ƙi tashi gaba ɗaya a duba fiyus da batir. In yana ta kuka ruwa bai zuwa to iska yake sha, ko matata ta toshe, ko kuma abin da ya fi faruwa bayan sanyi, an manta bawul ɗin da aka zuƙi ruwan rigakafi da shi a buɗe. In kuma duk famfo a rufe suke amma yana ta tashi yana mutuwa cikin dare, akwai yoyo wani wuri ko bawul ɗin cikinshi na barin ruwa ya koma tanki.

Saura aikin da ake yi in sanyi ya wuce, a wanke ruwan rigakafin a maida hita kan hanya a cika tanki. Ni warware rigakafi nike gani, Baba na Ƙofar Marusa kai mi ka ce?