Jijiyar huhun ɓera ta ƙi saki bayan endotelin: me kuke gani a naku gwajin?

Dakta Hauwa: Salamu alaikum. Ga tsarin: zoben jijiyar jini ta huhun ɓera mai tsawon milimita 2 a kan waya mai kaurin maikuromita 40, a na'urar auna matsewar jijiya, cikin ruwan Krebs (ruwan gishirin da ke raya nama a wajen jiki) a digiri 37. Da zarar an zuba endotelin-1, wani feftayid (ƙaramin furotin) mai matse jijiyar jini, jijiyar ta matse, wankin awa guda bai dawo da ita ba. Masu aiki da feftayid, a taimaka da abin da aka gani.

Malam Bashir: Wa alaikumus salam, Dakta. Halinsa ke nan, ba laifin na'ura ba ne. Endotelin-1 yana manne wa makarɓarsa ta ETA, wato wurin da yake kamawa a kan tsokar jijiya, kuma sakinsa a hankali yake. Don haka zobe ɗaya, gwaji ɗaya, kuma shi ne na ƙarshe. Fara da KCl (gishirin fotasiyam mai sa tsoka matsewa) milimola 60 har sau biyu don tayar da jijiyar, sannan a hau da endotelin daga ƙaramin ma'auni, kowane mataki a jira layin da na'ura ke zanawa ya kwanta. Mai gaggawa zai ƙara kafin na baya ya gama aiki, lissafinsa ya lalace.

Dakta Aminu: Ni abin da na fi zargi shi ne miƙewar farko, wato jan da ake yi wa zoben kafin gwaji. Jijiyar huhu tana zaune ne a ƙaramin matsin jini, wajen 15 zuwa 20 na ma'aunin makyuri. In aka ja ta kamar jijiyar hanji da ake daidaitawa a 100, an wahalar da ita tun kafin a fara.

Malama Rabi: Gaskiya ne. Sai kuma shimfiɗar ciki, wato endotiliyam. Waya tana iya kankare ta lokacin zurawa. A matse zoben da U46619 (sinadari mai matse jijiya), a zuba asetilkolin (mai sassauta jijiya ta hanyar shimfiɗar) maikuromola 10. In bai saki ba, shimfiɗar ta tafi. A irin wannan zoben biradikinin, feftayid mai sassauta jijiya, ba zai sassauta komai ba, domin ta hanyar shimfiɗar yake sa a fitar da nayitirik okisayid, iskar da ke sa tsokar ta saki. ANP kuwa, feftayid ɗin da zuciya ke fitarwa, ba ruwansa da shimfiɗar, kai tsaye yake taɓa tsoka. Kuma sinadarin ACE da ya cika jijiyoyin huhu yana cinye biradikinin, sai a sa captopril, maganin da ke hana ACE aiki, tun da wuri.

Malam Bashir: Ƙari kaɗan: feftayid yana maƙalewa a jikin gilashi da roba. A narkar da shi da albumin (furotin na jini) kashi 0.1 cikin ɗari, a raba ƙananan kwalabe, a daskare. Wanda aka narkar sannan aka sake daskarar da shi, ƙarfinsa ya ragu.

Dakta Hauwa: Na gode. Anjiyotensin II fa, wani feftayid mai matse jijiya? Karo na biyu amsarsa ta yi rauni.

Dakta Aminu: Makarɓar ce ke gajiya da sauri. Kashi ɗaya ga kowane zobe, a kwatanta da matsewar KCl na zoben.