Ina son fara gidan haya a Katsina, in sayi tsoho ko in gina?

Abu Nana ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nike nema wajen waɗanda suka san harkar gidan haya. Ni ma'aikaci ne nan cikin Katsina, an raba mamu gado na samu kasona na haɗa da ɗan abinda nike tarawa a adashi, ba wasu kuɗi masu yawa bane amma ina tsoron barinsu a banki, kowa dai yaga yadda naira ta koma tun da aka cire tallafin mai a 2023. Abu biyu ke gabana. Akwai wani tsohon gida wajen Ƙofar Marusa, ginin ƙasa ne da aka yi ma filasta, ɗaki 5, yanzu haka da 'yan haya a ciki, magada ke son saidawa. Sai kuma fili a hanyar Dutsinma can bayan Poly, awon igiya ne (wato ba gwamnati ta yanka filayen ba), dillali yana ta ce mani in gina ɗakunan ɗalibai wai kafin in gama fenti an kama su. Wanne ya fi? Kuma tsakani da Allah akwai riba a harkar nan ko suna ne kawai a ce wane na da gidan haya?

Dattijon Ƙofar Ƙaura ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Abu Nana Allah ya jiƙan wanda ya bari. Tambayarka ta ƙarshe zan fara ɗauka don ita ce mutane basu son a faɗa masu. In kuɗin haya kake hange, wato ka zuba kuɗi shekara biyar sun dawo, to ka nemi wata sana'ar. Ɗauki biro ka yi lissafi, misali kawai nike baka ba farashin kasuwa ba: gida ya ci maka miliyan 20, yana kawo miliyan 1 da dubu 200 a shekara, kaga kashi 6 cikin 100 kenan, kusan shekara 17 kafin uwar kuɗi ta dawo, kuma wannan in ba a kwashe sokawe ba, kwano bai yi yoyo ba, ɗaki bai zauna wata uku ba kowa, babu wanda ya gudu da kuɗinka. A 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 30, buhun siminti ya haura dubu 10, to kai ka isa ka ƙara ma malamin makaranta kashi 30 a haya kowace shekara? Ko ka isa ma baya da shi.

To me yasa muke ciki har yanzu? Saboda ƙasa. Ginin tsufa yake, filin da ke ƙarƙashinshi kau tashi yake, duk wanda ya san yadda Kwaɗo da wajen Barhim da hanyar Batagarawa suke a da ya san me nike nufi, gonaki ne. Ga mutanenmu na Batsari da Jibiya da Safana da rashin tsaro ya koro cikin gari, Allah ya kawo mamu ƙarshen abin, kowa wurin zama yake nema. Hayar ita ke riƙe gidan ta biya gyara ta baka na cefane, ribar gaske sai ran da ka tashi saidawa ko 'ya'yanka suka gada. Shi yasa nike hana kowa cin bashi ya gina gidan haya, bashin zaya riga hayar gudu.

Ni a nawa ganin ka gina. Amma kar ka zana ɗaki 12 da kuɗin ɗaki 4 ka tsaya a linta, garin nan cike yake da kangaye irin haka. Ka zagaye filin, ka sa get, ka gama ɗaki uku ko huɗu tsaf har da banɗaki, mutane su shiga, sauran su biyo baya a hankali. Kuma kafin bulo na farko ka tambayi maƙwabta maganar ruwa, ƙafa nawa suka haƙa kafin bohal ɗinsu ya kawo, yana ƙafewa da bazara ko a'a, don gidan da ya dogara da 'yan ga-ruwa kullum cikin canjin 'yan haya yake. Sokawe a yi shi babba tun farko. Wuta kuma kowane sashe da mitarshi ta kati in da hali, faɗan kuɗin wuta tsakanin 'yan haya ya fi kowane faɗa cin rai, wannan na da hita wancan na da firiza kowa yace ba shi ya sha ba.

Barista ƙarami ya rubuta:

Baba ya gama magana a kan lissafi, ni takarda zan taɓa don duka biyun da ka lissafa Abu Nana akwai inda suke cizo.

Gidan magada: kar ka biya ko sisi don babban wa yace "ni ne wakili". Ka ga takardar rabon gado, in kotun shari'a ta raba ka ga ta kotun, kuma kowane magaji ya sa hannu har matan da ke aure a wani gari, in akwai marayu ƙanana a san waye waliyyinsu. Mai unguwa da maƙwabta na jikin katanga su shaida. Sannan ka zauna da 'yan hayar da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, wa ya biya zuwa yaushe, don zaka iya saye ka tarar an karɓe hayar shekara gaba. Ka je ofishin KEDCO da lambar gidan a duba ko akwai tsohon bashin wuta.

Awon igiya kuma ba haramun bane, sabbin unguwanni da yawa haka suka fara, amma ka sani takardar ciniki da sa hannun mai unguwa shaida ce ta cewa ka biya, ba ita ce mallaka a idon gwamnati ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, abinda kake samu izinin zama ne, takardar izinin, wato C of O, ta gidan zama yawanci shekara 99 ce. Ka je KATGIS, hukumar bayanan filaye ta jiha, a duba ko wurin bai faɗa cikin filin gwamnati ko na makaranta ko inda hanya zata bi ba, ka kai zanen gini URPB, hukumar tsara birane, su amince kafin a haƙa fandisho. Mutane na ganin ɓata kuɗi ne har sai an zo an shafa ma katanga jan fenti.

Sai yarjejeniya da ɗan haya, a rubuce ko da shafi ɗaya ne da Hausa: nawa, yaushe, wa ke gyaran me, mutum nawa zasu zauna, notis na wata nawa. In baku rubuta ba, abinda aka saba a dokar haya shine mai biyan shekara notis ɗin wata 6, mai biyan wata-wata kuma wata 1, bayan nan a bashi na kwana 7 kafin a tafi kotu. Cire ƙofa ko kwance kwano ko watso kaya waje, da hakkinka zaka koma mai laifi.

Maman Sadiq ta rubuta:

Baba Dattijo a yi mani afuwa, ni ban goyi bayan ɗakunan ɗalibai ga mai farawa ba. Ni ke kula da gidajen da maigidana ya bari Allah ya jiƙanshi, akwai na iyali akwai na ɗalibai, kuma na ɗaliban ya fi kawo kuɗi a takarda gaskiya, hanyar Dutsinma ga Poly ga FCE ga Alƙalam ga jami'ar Umaru Musa, yara basu ƙarewa. Amma ka tuna yajin aikin ASUU na 2022 wata 8 aka yi, yaro zaya dawo yace shi bai zauna ba a ɗaga mashi, kai kuma ka riga ka kashe kuɗin. Ɗaki ka ba mutum biyu ka dawo ka iske shida, duk ƙarshen zango sai fenti da makulli da kan famfo, ga maƙwabta su zo maka da ƙorafin shige da fice, in mata ne kuma amanar 'ya'yan mutane ce sai ka sa maigadi. Abu Nana kai ma'aikaci ne, yaushe zaka riƙa zarya?

Ciki da falo guda biyu ko uku, kowa da banɗakinshi da ɗan kicin da ƙofarshi, ka ba ƙananan ma'aikata ko sabbin aure, kuɗin bai kai na ɗalibai ba amma zaka yi barci. Matan yanzu basu son haɗa tsakar gida da banɗaki, shi yasa ma tsohon gidan nan na Ƙofar Marusa nike jin tsoronshi, ginin ƙasa ɗaki 5 banɗaki ɗaya, duk damina gabanka na faɗuwa.

Abu ɗaya kuma da ba wanda ya faɗa: dangi. Ranar da aka ji ka gama gini ranar zaka san yawan 'yan uwanka, wannan zaya yi aure wancan an tashe shi. In zaka taimaka ka ware ɗaki ɗaya ka ce don Allah ne ka cire shi daga lissafi, amma kar ka ba ɗan uwa haya, ba zaka iya tambaya ba shi kuma ba zaya kawo ba, ƙarshe a kai ka ƙara wajen Hajiyarku. Baƙo kuma ka je unguwar da ya baro ka tambayi tsohon mai gidanshi me ya tashe shi, ya kawo wanda zaya tsaya mashi.

Na Daura dillali ya rubuta:

Hajiya duk gaskiya ne amma a riƙa yi mamu adalci, ba kowane dillali ke zuga mutum ba. Abu Nana ka yi maganar la'ada tun kafin ciniki, nawa ne kuma wa zaya biya, kuma kuɗin fili a hannun mai fili ake sawa gaban shaidu ta banki, ba a hannunmu ba. In kuɗinka basu kai na cikin Katsina ba ka leƙo Daura, ga Federal Poly ga jami'ar sufuri, ma'aikata na neman gida mai kyau. Sai dai in ba ka da mai duba maka a nan kar ka fara, gidan haya daga nesa wahala ne.

Abu Nana ya rubuta:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Baba da Hajiya kun sa na fasa tsohon gidan, dama ɗaya daga cikin magadan ance yana Legas ba a ji ta bakinshi ba. Filin zan kai a duba kamar yadda Barista yace, in ya fita lafiya ciki da falo biyu zan fara. Saura tambaya ɗaya, zakka fa, a kan kuɗin gidan ake fiddawa ko a kan haya?

Dattijon Ƙofar Ƙaura ya rubuta:

Gidan da aka ajiye don haya ba a yi mashi ƙima a fidda zakka, kuɗin hayar ne in ka haɗa da sauran kuɗinka suka kai nisabi kuma shekara ta zagayo suna hannunka, sai ka fidda ɗaya cikin 40. In kau saye da saidawa kake da filaye wannan hukuncin kayan kasuwa ne, ka zauna da malaminku ya warware maka. Kuma in zaka je ganin filin kar ka je da rani kaɗai, ka bari a yi ruwa mai ƙarfi cikin Agusta ka je washegari da safe ka ga inda ruwan unguwar ke bi.