Kifin shak azzalumi ne, a kashe shi kowa ya huta

Sani Dogo: Jama'a, tun jiya na saka bidiyon nan ba wanda ya tanka, amma da hoton biki ne da tuni an cika wurin. Saurayi ne ɗan Rasha, yana iyo a gaɓar Hurgada ta Masar a watan Yunin 2023, kifin shak ya kashe shi mutane na tsaye a tudu suna ihu. Wallahi ban yi barci ba. Sai ga wasu wai a kare shak kada ya ƙare. Ya ƙare mana! Wannan azzalumin kifi a bi shi teku-teku a kashe, kowa ya huta.

Malam Habu: Allah ya kyauta. Amma Sani gyara kalmarka. Dabba ba ta zalunci. Zalunci sai mai hankali, wanda ya san haƙƙi ya take shi da gangan.

Sani Dogo: To Malam, me za a kira wanda ya ci mutumin da bai tsare masa komai ba?

Malam Habu: Mayunwaci.

Binta: In azzalumi ake nema a leƙa jiragen masunta. A jawo shak da ransa, a sa wuƙa a yanke fiffiken baya da na gefe da na wutsiya, a tura sauran jikin cikin ruwa. Ba ya iya iyo, haka zai yi ta nutsewa yana zubar da jini har ya mutu a ƙasan teku. Duk don miyar fiffike da ake sha a manyan bukukuwa a China, Hong Kong ce babbar kasuwarsa. Wani bincike na 2013 ya ƙiyasta ana kashe shak kusan miliyan 100 a shekara. Shi kuma fa? Gidan tarihin Florida ta Amurka da ke ajiye lissafin cizon shak ya ce a 2023 mutum 69 ya ciza ba tare da an tsokane shi ba, 10 suka mutu. A duk duniya fa.

Garba: Wa ya ƙirga miliyan 100 ɗin? Da biro ya shiga ruwa? Ni mutum goman na yarda da su, don suna da iyaye.

Binta: Daga abin da masunta ke saukewa aka lissafa. Masu binciken da kansu sun ce tsakanin miliyan 63 ne da 273.

Garba: Tsakanin 63 da 273! Yarinya, wannan ai laluben makaho ne.

Binta: Wace ce yarinya?

Garba: Ba da wata manufa na faɗa ba.

Binta: Da manufa ka faɗa. Rannan ma da na gyara maka magana haka ka ce. Kuma kowa ya sani ko cewa Sani ya yi rana daga yamma take fitowa, kai ne na farkon sa hannu.

Hajiya Ladi: Ku bar wannan don Allah. Malam, ni ban gamsu ba. A tsibirin Reyuniyon na Faransa mutum 11 shak ya kashe daga 2011 zuwa 2019, har hukuma ta hana iyo a yawancin gaɓar tun 2013. Wanda ya raba mutane da ruwansu in ba azzalumi ba ne, mene ne?

Malam Habu: Ruwan wa, Hajiya? Gidansa ne aka shiga.

Garba: Wa ya ba shi takardar fili?

Malam Habu: Wanda ya ba ka numfashi. Ku ce masa mai haɗari, ku ce mai ɓarna, ba zan yi musu ba. Wuta ma tana cin gida, ban taɓa jin an ce mata azzaluma ba.

Hajiya Ladi: Ni na ji. Ranar da gobara ta ci ɗakin ƙanwata haka ta kira ta.

Malam Habu: Wannan zafin rai ne, ba ma'ana ba.

Auwal: Wai wane shak ɗin ma? Sun fi iri 500. Uku ne suka fi yin kisa: babban farin, da mai zanen damisa irin na Hurgada, da wanda ke shiga har cikin koguna. Mafi girmansu duka ƙananan halittun ruwa yake tacewa ya haɗiye, har iyo ake yi a gefensa. Shi ma a kashe?

Sani Dogo: Ƙanena, in ya buɗe baki ba ka da lokacin tambayar ƙabilarsa.

Binta: Har yanzu ina jiran Garba ya janye "yarinya".

Garba: A matsayina na mai kula da zauren nan, na rufe magana a nan. Abin da aka tsayar: mafi rinjaye sun yarda shak azzalumi ne, kamar yadda Yaya Sani ya faɗa tun farko. Malam Habu ya kawo ra'ayinsa a kan nahawu, mun gode. An ambaci wasu alƙaluma amma ba a tabbatar da su ba. Sannan ana jan kunnen masu mayar da muhawara faɗan kansu, sun san kansu.

Malam Habu: Ba nahawu ba ne, ma'ana ce.

Sani Dogo: Bidiyon dai har yanzu mutum uku ne suka buɗe.