Cessna 172 ko Piper Cherokee, wanne ya fi daɗin tuƙi?

Sabon Matuƙi:
Salam 'yan uwa, na gama koyo da ƙaramin jirgi mai kujera biyu, yanzu ina son hawa mai kujera huɗu don 'yar doguwar tafiya. Waɗanda suka tuƙa su biyun, ya kuka gani?

Ɗan Sama:
Wa'alaikumus salam. Ni dai 172 nake so, fukafukansa a sama suke, ƙasa tana fili a ƙarƙashinka kana kallon hanya da koguna, amma in ka karkata za ka juya sai fiffiken ya tare maka gefen da kake nufa, dole ka ɗan ɗaga shi ka leƙa tukuna. Jirgi ne mai haƙuri wallahi, tun 1956 ake sayar da shi.

Kyaftin:
Cherokee ya fi zama daram wajen sauka, saidai ƙofa ɗaya ce a dama, kai matuƙi ka fara shiga. Kuma ƙanina kar kujera huɗun nan ta ruɗe ka, in ka cika tanki manya huɗu da jakunkuna nauyi ya wuce, ka yi lissafi kafin ka tashi musamman ranar zafi.

Sabon Matuƙi:
Na gode yaya, 172 ɗin zan fara gwadawa.